Na saka sabon Python, amma tsohon ne yake buɗewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Agege, ina koyon rubuta manhaja. Na sayi kwamfuta ta hannu a Ikeja mai Windows 10, na saka mata Python 3.12, wato harshen da nake koyon rubuta manhaja da shi, amma duk lokacin da na rubuta python a cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, sai Python 3.8 ya fito. Ita kuma ƙawata, Microsoft Store ne yake buɗe mata. Na cire na sake sakawa, babu abin da ya canza.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki daina cirewa kina sakawa, domin manhajarki lafiyarta ƙalau, matsalar tana wurin da kwamfutar take zuwa nemanta. Idan kika rubuta sunan manhaja a cmd, Windows ba ya bincika kwamfutar gaba ɗaya. Yana bin wani jerin foldoji da aka ajiye masa da sunan PATH, daga sama zuwa ƙasa, kuma da zarar ya sami fayil mai wannan suna sai ya tsaya. Kamar yaron da aka aika kasuwar Mile 12 da jerin rumfuna ne: rumfar farko da ya tarar da tumatir a nan zai saya, ko da wanda ya fi kyau yana gaba.

Ki fara da rubuta where python. Zai nuna miki duk inda aka sami fayil ɗin, kuma na saman shi ne wanda yake amsa miki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne jerin nan kashi biyu ne, akwai na kwamfutar baki ɗaya, akwai na mai amfani da ita, kuma Windows yana sa na farkon a gaba idan ya haɗa su. Ina kyautata zaton wanda ya riƙe kwamfutar kafin ke ya saka 3.8 a kashin farko, naki kuma ya shiga na biyu, saboda haka ko kin ɗaga shi zuwa saman kashinsa ba zai sha gaban tsohon ba. Ki nemi Environment Variables a wurin bincike na Start, ki buɗe Path da ke ƙarƙashin System variables, ki goge layukan da suka ambaci tsohon Python kaɗai. Sannan ki rufe cmd ki buɗe sabuwa, domin kowace taga tana riƙe da jerin da ta tarar ne lokacin da aka buɗe ta.

Ita ƙawar taki, tun shekarar 2019 Microsoft ya ajiye wani ɗan fayil mai suna python.exe a foldar WindowsApps wanda aikinsa kai mutum kantin Microsoft Store. Ta nemi App execution aliases a saituna ta kashe na python da python3, sannan ta tabbatar ta zaɓi akwatin ƙara Python a PATH yayin sakawa.

Wasu za su ba ki shawarar gyara jerin da umarnin setx. Ni ban goyi bayan haka ba, domin yana datse duk abin da ya wuce haruffa 1024, kuma gyaran ɓarnar ya fi matsalar farko wahala.

Tambaya: Malam, ina kula da kwamfutar wani ofishin jigilar kaya a Apapa, wadda take aiki da tsarin Ubuntu maimakon Windows. Umarnin ajiye kwafin bayananmu yana aiki idan na rubuta da hannu, amma idan na ba cron, wato manhajar da ke gudanar da umarni a lokacin da aka tsara mata, ya yi shi da dare sai ya ce bai ga manhajar ba.

Amsa: Ɗan'uwa, cron ba ya karanta fayil ɗinka na .bashrc, wanda tagar umarninka take karanta saitunanka daga ciki, kuma yakan tashi ne da gajeren jeri wanda ba lallai ya ƙunshi foldar da manhajarka take ba. Ka rubuta which tare da sunan manhajar, ka kwafi cikakken adireshin da ya fito ka sa a crontab, wato fayil ɗin jadawalin cron, maimakon sunan kawai, ko kuma ka rubuta naka layin PATH a saman fayil ɗin, kana raba foldojin da alamar ruwa biyu. Idan ka ga irin haka da sudo, wato umarnin yin aiki da ikon mai kula da kwamfuta, ka duba layin secure_path, wanda shi ne jerin foldojin sudo, ta hanyar umarnin visudo da ke buɗe saitunansa.