Amsa ga Maman Hanifa: yarinyar da ke ƙin abinci tana aman kore

Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Kin ce 'yarki mai shekara 15 ta daina cin abinci don tsoron ƙiba, ta rame sosai, loma uku ta ce cikinta ya cika, yanzu kuma aman kore take yi, an sha maganin ulsa ba sauƙi. Don Allah yau ɗin nan ki kai ta sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo, ki bar zancen kemis.

Koren aman nan ruwan matsarmama ne, yana iya nufin hanya ta toshe a ƙasan tumbi. Akwai wata jijiyar jini da ke gittawa ta kan farkon ƙaramin hanji, kitse ne ke tokare ta. Idan rama ta cinye kitsen, sai jijiyar ta danne hanjin, abinci ya kasa wucewa. Hoton ciki da ake kira sikanin CT ke nuna shi. Kwanciya ta gefen hagu ko rub da ciki kan rage mata zafi, amma maganin shi ne ta mayar da ƙiba, wani lokaci ta bututun hanci da ake zurawa ya wuce inda ya toshe. Saurin ƙoshin ma ba shagwaɓa ba ce, tumbin da ya daɗe da yunwa jinkirin sauke abinci yake yi.

Inda iyaye ke kuskure shi ne ɗura. A zaunar da ita gaban malmalar tuwo a ce sai ta cinye. Tumbi na iya buɗewa ya kasa komawa, har ya fashe. Sannan cikin kwana 3 na farkon ciyarwa sinadarin fosfet na jini kan faɗi, zuciya ta rikice. Shi ya sa a asibiti ake ba da bitamin B1 tukuna, a fara da kaɗan, ana auna fosfet, fotasiyam da magniziyam kullum.

Ki duba ɗakinta ko akwai shayin rage ƙiba ko maganin wankin ciki, ki tafi da su. Ki faɗa wa likita in tana cusa yatsa a maƙogwaro. Kumburin gefen muƙamuƙi da zaizayewar haƙora alama ce ta cewa tana jawo amai da kanta. Jini a amai, baƙin bayan gida, ciwon ƙirji mai tsanani bayan amai, ko bugun zuciya ƙasa da 50 a minti, duk ba sa jiran safiya.

Ki nemi a haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa tun tana kwance, domin tsoron ƙibar ne tushen ciwon. Allah ya ba ta lafiya.