Tambayi Malama: Na Faɗi Kwas Biyu, Wa Zan Je Wurinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗan aji biyu ne a jami'a, a sashen Kemistiri. Na gama aji ɗaya da CGPA (matsakaicin makin duk kwasan da na yi) 1.75, ga kari-oba biyu, wato kwasan da na faɗi da zan maimaita, a lissafi da fizik. Har yau ban faɗa wa kowa a gida ba. Wani abokina ya ce in kai kuɗi wurin mai koyarwa a wajen makaranta, wani kuma ya ce in sake zana JAMB. Kaina ya ɗaure. Daga wani ɗalibi, Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ajiye maganar JAMB tukuna, ɗauko biro mu yi lissafi. A ce yunit 36 (yunit shi ne ma'aunin nauyin kowane kwas) ka ɗauka bara, 1.75 ɗin nan maki 63 ke nan. In bana ka sake ɗaukar 36 ka ci B a duka, kowane yunit maki 4, za ka ƙara 144. Ka haɗa, ka raba da 72, ka tashi da 2.88. In C ka ci a duka, kowane yunit maki 3, 2.38 za ka samu, kiris ya rage ka taɓa 2.40, inda digiri mai daraja ta biyu ƙarama yake farawa a yawancin jami'o'inmu. Ka ga tun kana aji biyu ramin bai yi zurfi ba. Ɗan aji huɗu mai yunit ɗari da ɗoriya a bayansa, shi ne A biyar ba sa ɗaga shi ko'ina.

Wanda za ka fara gani shi ne kodinetan ajinku, wato malamin da ke kula da rajistarku, kuma kafin ka rufe rajista. Na riƙe wannan kujerar, na san halinku: ba ku leƙo ofis sai ranar sa hannu a fom, a tsaitsaye, ana turereniya. Ka je ranar da babu layi, da sakamakonka a hannu. Kwasan da ka faɗi dole su shiga rajista kafin sababbi, kuma galibi ba a wuce yunit 24 a samista. Shi zai duba wanda za a jinkirta, da wanda ba a yarda ka ɗauka sai ka ci na ƙasa da shi, da inda lakcar aji ɗaya za ta ci karo da taka. Eh, za ka zauna da ƙannenka. Ka zauna ɗin. Yawancin masu maimaita kari-oba sau biyu kunya ce ta hana su shiga aji, suka tsaya karanta tsohon littafinsu a ɗaki, alhali gwaji da aikin gida kaɗai maki 30 ne, wani wurin 40, cikin 100.

Mai koyarwar waje kuwa, riƙe kuɗinka. Ƙungiyar ɗaliban sashenku da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN sukan shirya tutoriyal kyauta, kuma masu koyarwar sun zauna gaban malamin da zai yi maka jarrabawa. Sai dai lissafi ba ya shiga da kallo. Ka nemi tsofaffin takardun jarrabawa, ka warware da hannunka, ka kai musu inda ka maƙale.

Ba ka gaya mini abin da ya kayar da kai ba. In yunwa ce da kuɗin mota, akwai bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024, babu ruwa a kansa. In damuwa ce ko rashin barci, ka tambayi ofishin harkokin ɗalibai inda masu ba da shawara suke zama. Albashi ake biyansu don su saurare ka.

Baba kuwa ka faɗa masa, amma bayan ka ga kodineta, don ka je masa da takardar abin da za ka ɗauka bana. In bakinka ya yi nauyi, ka fara da Umma ko wani yayanka.