Chicago Bulls: a rushe a sake gini, ko a nemo tauraro?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun ina yaro nake goyon bayan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Chicago Bulls saboda Michael Jordan, har yau nakan hana idona barci in kalli wasansu. Kaka uku a jere, daga 2023 zuwa 2025, Miami Heat ta fitar da mu a wasan cike gurbin shiga wasannin neman kofi. Abokina ya ce a sallami manya a fara daga tushe, ni kuwa na ce a yi musaya a ɗauko babban tauraro. Wa ke da gaskiya? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya fi ka gaskiya, kuma shawarar da kake bayarwa ita ce ta kai Bulls inda suke.

Ka tuna NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba kamar ƙwallon Turai ba ce, inda mai kuɗi ke zuba miliyoyi ya saya. A nan musaya ake yi: ka ba da 'yan wasa, ka haɗa da gurabenka na zaɓen matasa da ake yi kowace shekara. Duk wanda ya ɗauko tauraro, da gobensa ya biya.

A watan Maris na 2021 Bulls suka yi hakan. Suka karɓi Nikola Vucevic daga Orlando, suka ba da Wendell Carter Jr. da guraben zagayen farko na zaɓen matasa guda biyu. Da ɗaya daga ciki Orlando ta ɗauki Franz Wagner, wanda a yau kowace ƙungiya za ta so a ce nata ne. A bazarar ita wannan shekara aka ƙaro DeMar DeRozan da Lonzo Ball da Alex Caruso. Kakar ta fara da daɗi, sai gwiwar Ball ta samu matsala a Janairun 2022, ya shafe fiye da shekara biyu bai buga ba. Aka gama da nasara 46, Milwaukee ta fitar da su a zagayen farko na wasannin neman kofi da ci 4 da 1. A kakanni uku da suka biyo baya sai nasara 40, sai 39, sai 39 kuma. Wannan tsakiyar ita ce wuri mafi muni a NBA: ba ka isa kofi ba, ba ka kuma faɗi ƙasa yadda za ka samu gurbi mai tsoka a zaɓen matasa ba, tunda na ƙasa ake fifitawa wajen zaɓe. Gaba kura, baya siyaki.

Na san misalin da ke ranka: Toronto. Masai Ujiri, shugaban ƙungiyar a lokacin, wanda ya tashi a Zariya, ya ba da DeRozan, wanda a Toronto yake wasa a lokacin, ya karɓo Kawhi Leonard a 2018, suka ɗauki kofi a 2019. Amma dubi ƙungiyar da Kawhi ya tarar. Ta ci wasa 59 a kakar da ta gabata, tana da Kyle Lowry, ga Pascal Siakam na Kamaru yana tasowa. Gini ne da ya kai linta, rufi kawai yake jira. Ƙungiyar da ke cin 39 kuwa, mutum ɗaya ba zai ƙara mata wasa ashirin ba. Brooklyn ta yi irin wannan gaggawa a 2013 ta karɓo Kevin Garnett da Paul Pierce daga Boston, guraben da ta bayar su ne suka zama wa Boston Jaylen Brown da Jayson Tatum.

Sai dai kada abokinka ya ɗauka sake gini yana nufin a zauna a yi ta shan kaye. A tsarin da aka fara a 2019, ƙungiyoyi uku da suka fi faɗuwa kowacce kashi 14 cikin ɗari kacal take da shi na samun gurbin farko a ƙuri'ar raba guraben zaɓen matasa. Detroit ta ci wasa 14 a kakar 2023/24, amma gurbi na biyar ta samu. Abin da ya yi wa Oklahoma City aiki shi ne ta rabu da Paul George a 2019 tun yana kan ganiyarsa, ta karɓi Shai Gilgeous-Alexander da guraben zagayen farko biyar. Ta jure kaka biyu na nasara 22 da 24, sannan a 2025 ta ci wasa 68 ta ɗauki kofi.

A nan ne abin Bulls ke min ciwo. Sun rabu da manyansu, amma a makare. Caruso ya tafi Oklahoma a Yunin 2024, aka karɓi Josh Giddey ba tare da ko gurbi ɗaya ba, shi kuma Caruso ya je ya ɗaga kofi. DeRozan da Zach LaVine sun koma Sacramento bayan farashinsu ya sauka.

Da ni ne, zan riƙe Giddey da Matas Buzelis in ba su fili su buga, in musanya duk wanda ya haura shekara talatin da guraben zaɓe, in kuma rufe kunne ga duk tayin da zai taɓa gurabena. Ranar da ɗaya daga cikin yaran ya kai ƙungiyar nasara hamsin, ka dawo mu yi maganar tauraron naka.