Kwana huɗu a Kwapanhagan cikin Disamba: keke, abinci da gidajen ƙira

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce za ka yi kwana huɗu a Kwapanhagan, babban birnin Danmak, cikin Disamba, kana son ganin kujeru da gine-ginen da ake yabon Danmak da su, ka ci abincin ƙasar ba tare da ka afka wa haram ba, ka hau keke, kuma kana tsoron kada sanyi ya hana. Sanyin yakan tsaya tsakanin digiri 0 da 5, ana iya jure shi. Gajartar rana ce za ka yi wa shiri. A tsakiyar Disamba rana ba ta fitowa sai bayan 8:30, kafin 3:45 ta faɗi. Don haka duk abin da ake yi a waje ka sa shi tsakanin goma da uku, gidajen tarihi da shaguna kuma ka bar su sai duhu ya yi. Lokutan salla ma a matse suke: Azahar jim kaɗan bayan sha biyu, La'asar kafin biyu, Magariba kafin huɗu, gara ka fito da alwala. Juma'a kuwa akwai babban masallacin Hamad Bin Khalifa a titin Rovsingsgade, wanda aka buɗe a 2014.

Iskar teku da yayyafi su ne ke ratsa jiki. Ka sa rigar ulu a ciki, suwaita a kanta, sannan jaket mai hana ruwa da iska. Auduga a jikin fata in ta sha gumi sai ta yi sanyi, ita ce ke kawo rawar ɗari da zarar ka sauka daga keke. Safar hannu mai kauri da hular da ke rufe kunne dole ne. Ka taho da adafta, soket ɗinsu ba ya karɓar fulogi mai ƙafa uku irin namu. Kuɗinsu krona ne, yuro ɗaya wajen krona 7.5, kuma kati ya ishe ka kusan ko'ina.

Daga filin jirgi ka hau metiro layin M2, minti sha biyar kana dandalin Kongens Nytorv, bakin tsohuwar tashar ruwa ta Nyhavn. Tikitin City Pass ƙarami ya haɗa da filin jirgi, metiro, bas, jirgin ƙasa na cikin gari, har da jiragen ruwa masu ruwan ɗorawa, lamba 991 da 992, da ke bin tashar ruwan daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Babu shinge a tashoshi, amma ana duba tikiti a ciki, tarar kuma ɗaruruwan krona ce.

Keke a can abin zuwa aiki ne, masu hawa suna sauri kuma suna sa ran ka san ƙa'ida. Za ka iya haya a otal ko ta manhajar Donkey Republic. Kafin ka tashi ka gwada birki, domin da yawa daga kekunansu ana taka birkin baya ne da juya feda baya, wanda bai saba ba kuwa yakan matse na hannu kaɗai, tayar gaba ta zame a jiƙaƙƙen titi. Ka duba fitila, fara a gaba ja a baya; rashinta cikin duhu tarar krona 700 ce, riƙe waya a hannu ko tsallake jar danja 1,000. Ka riƙa bin dama, a wuce ka ta hagu. In za ka tsaya ka ɗaga tafin hannu sama, in za ka juya ka miƙa hannu gefe, kuma ka waiwaya kafin ka kauce. Juyawa hagu ita ce ke kayar da baƙi: ba a shiga tsakiyar mahaɗa kamar mota. Ka miƙe ka tsallaka zuwa kusurwar da ke gabanka, ka ɗaga hannu ka tsaya, ka juya kan keken hagu, sannan ka tafi in hanya ta buɗe. Idan bas ta tsaya kuma fasinjoji na sauka kai tsaye kan hanyar keke, kai ne za ka jira. Ranar farko ka guji 7:30 zuwa 9 da 3:30 zuwa 5, musamman gadar Dronning Louise.

Hanyar da ta fi dacewa da sabon shiga ita ce zagayen tashar ruwa mai kilomita 13. Ba sai ka gama shi ba. Tashi daga Nyhavn, ka hau gadar Inderhavnsbroen zuwa Christianshavn, ka bi gadar Cirkelbroen har unguwar Islands Brygge, ka tsallaka gadar Bryggebroen, ka hau Cykelslangen, siririyar gadar keke mai ruwan lemo da aka buɗe a 2014, ka dawo ta gaɓa zuwa babban ɗakin karatun da ake kira Baƙin Lu'ulu'u. In an kwana da ƙanƙara, gadoji ne ke fara santsi. Ranar ka haƙura ka hau jirgin ruwa.

Maganar ƙira ka fara da gidan tarihin ƙira na Designmuseum Danmark a titin Bredgade, amma ba ranar Litinin ba, a rufe yake, haka ma gidan zane-zanen zamani na Louisiana da ke garin Humlebæk, tafiyar minti 35 zuwa 40 a jirgin ƙasa. Ka tsaya sosai kan kujeru. Kujerar Hans Wegner mai bayan da ya yi kama da harafin Y, wurin zamanta saƙar hannu ce da igiyar takarda wajen mita 120. Fitilar PH5 ta Poul Henningsen, ta 1958, an jera mata murafe ne yadda duk inda ka zauna ba za ka ga ƙwan ba, haske ya sauka kan tebur ba ya dukan ido. Ita za ka riƙa gani ta tagogin gidaje da yamma. Kujerun Ƙwai da Swan na Arne Jacobsen an yi su ne don otal ɗin SAS Royal na 1960, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa. Don taɓawa da zama, shiga Illums Bolighus a dandalin Amagertorv kyauta ne. Sayayyar da ta haura krona 300 a shago ɗaya, ka nemi takardar mayar da haraji, ka nuna ta da kayan a filin jirgin da za ka bar Tarayyar Turai.

Abinci sai da lura, alade ya yi yawa a girkinsu. Ka haddace svin, gris, flæsk, skinke da bacon, duk alade suke nufi. Frikadeller, leverpostej da jan tsiran alade na bakin titi duk ka bar su. Smørrebrød, wato yankan baƙin burodi da aka ɗora wa abinci a kai, shi ne abincin rana, kuma akwai marasa nama da yawa: kifin sild, soyayyen kifin rødspætte, jatan lande, ƙwai, dankali. Sai dai ka tambaya me aka shafa a burodin, don wasu na gargajiya da kitsen alade ake yi, sunansa fedt, a maimakon man shanu. Kasuwar Torvehallerne kusa da Nørreport ta fi sauƙi tunda kana ganin komai a gilashi. Naman halal yana unguwar Nørrebro, shawarma jere a titin Nørrebrogade. Ka sani tun 2014 doka ta hana yanka dabba ba a sumar da ita ba, in wannan na damunka ka tambaya daga ina naman yake ko ka tsaya kan kifi.

Da yamma ka yi abin da masu gari ke yi, hygge: a shiga wuri mai ɗumi, a kunna kyandir, a zauna ba gaggawa. Nemi æbleskiver, ana toya su a tanda mai ramuka kamar masa, a barbaɗa garin sukari a ba ka da jam. Gløgg da ake haɗa su da shi giya ce mai zafi, ka karɓi koko a madadinta. Lambun wasanni na Tivoli, wanda aka buɗe a 1843, yana aiki daga tsakiyar Nuwamba har ƙarshen shekara da fitilu ko'ina. Kuɗin shiga daban, na lilo daban. In tafiyar ta faɗa 24 zuwa 26 ga Disamba, ka sayi abinci tun 23, yawancin shaguna da gidajen abinci a rufe suke.