Falona ƙarami ne, amma gwaggo ta ce sai cikakken seti

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Bikina saura wata biyu, gidan da zan tare kuma ciki da falo ne na haya. Mun auna falon, tsawonsa ƙafa 12, faɗinsa ƙafa 10, ga ƙofar shigowa, ga ta ɗaki, ga taga ɗaya. Gwaggona ce ke kula da sayen kayan ɗaki, ta ce sai an yi mini cikakken seti, mai zaman mutum uku, mai biyu, da ƙanana biyu, irin masu manyan hannuwan nan, don kada dangin miji su ce an yi mini ƙwauro. Ni kuwa ina ganin falon ba zai ɗauka ba. Wace irin kujera ta dace da ni, kuma yaya zan yi mata bayani ba ta ga kamar na raina ƙoƙarinta ba? Daga wata amarya, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya sanya alheri, Ya nuna mana lokacin lafiya. Na ji daɗi da kika fara da awo, don yawancin masu kawo mini wannan kuka sai bayan an sauke kaya daga mota suke tuna tef.

Mu yi lissafin tare. Falonki murabba'in ƙafa 120 ne. Irin setin da gwaggo take so, babbar takan kai ƙafa 7 da rabi, mai biyun wajen 5 da rabi, ƙananan kuma kowace 3 da rabi. Idan aka jera su, ƙafa 20 ke nan, kuma kowace tana turowa cikin falo da ƙafa 3 ko fiye. Murabba'in ƙafa 60 ya tafi, rabin falon ke nan cif, ba a sa tebur ba, ba a sa abin ɗora talabijin ba. In aka sa biyu suna kallon juna ta faɗin, ƙafa 4 ce kawai za ta rage a tsakani.

Abin da nake so ki lura da shi shi ne, ba mazaunin ne ke cin wurin ba. Hannuwa ne da majingina. Hannun irin waɗannan kujeru yakan kai inci 10, kuma seti mai guda huɗu hannuwa takwas gare shi. Inci 80 ke nan, fiye da ƙafa 6 da rabi, wato tsawon wata kujerar sukutum da ba wanda zai taɓa zama a kanta. Don haka idan na ce siririyar kujera, ba ina nufin ƙanƙanuwa wadda baƙo zai zauna a takure ba. Mazaunin yana nan yadda yake, kumburin gefe da na baya ne ake ragewa.

Ga abin da za ki gaya wa kafinta, kuma ki rubuta masa a takarda. Hannu kada ya wuce inci 3 ko 4. Kowane mazauni inci 22, ta yadda mai zaman mutum uku za ta tsaya a ƙafa 6. Daga gaba zuwa baya gaba ɗaya inci 30 zuwa 32. Tsayin mazauni daga ƙasa inci 17 ko 18, don tsoho ya iya miƙewa ba da wahala ba. Majinginar kuma kada ta yi tsayin da za ta rufe taga. Babba ɗaya a jikin doguwar bango da ƙanana biyu marasa nauyi sun isa, mutum biyar za su zauna, wurin da za su ci kuwa bai kai rabin na wancan setin ba.

Ki dage a kan ƙafafu. A ɗaga kujerar daga ƙasa inci 5 ko 6. Ido yana ganin tayil ya wuce ta ƙarƙashi, sai falon ya yi kamar ya fi girmansa, kuma tsintsiya da abin goge ƙasa za su shiga. Duk wadda ta yi hunturu a Kano ta san irin ƙurar da ke taruwa a ƙarƙashin kujerar da ta zauna daɓas a ƙasa.

Amma fa siririyar kujera ba ta ɓoye ha'inci. Mai kumburi, ko an cusa mata raunanan soso, takan ɗan jima kafin ta nuna. Wannan kuwa, in sosan ba mai ƙarfi ba ne, ba da daɗewa ba za ki fara jin katako. Ki sa a sayi soso mai tauri, ki danna shi da tafin hannu ki ga ya dawo nan take. Katakon ya zama busasshe kuma mai ƙarfi, irin madaci ko loko, musamman na ƙafafun, tunda su ke ɗauke da nauyin duka. Ɗanyen katako yana tsagewa da zarar iskar hunturu ta buga shi. In akwai wani ɗan'uwanki da ya san katako, ya bi kafintan zuwa kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa su zaɓo tare, kuma a je a ga ƙashin kujerar kafin a rufe ta da yadi. Yadin ya zama mara manyan furanni, ruwan toka ko ruwan ƙasa mai haske. Ledar nan ta roba ban ba ki shawararta ba, tana manne wa jiki da zafin bazara, daga baya ta fara ɓarewa.

Sai maganar gwaggo. Damuwarta gaskiya ce, mutuncinki da na gidanku take karewa, kada ki ja da ita. Ki bi ta wajen mahaifiyarki, a roƙi gwaggo ta je ta ga gidan. A ɗauki alli a zana girman kowace kujera a ƙasa, a bar hanyar wucewa ƙafa 2 da rabi daga ƙofa zuwa ɗaki, sannan a tambaye ta inda za a shimfiɗa darduma a yi sallah, da inda mata za su zauna ranar wuni ko ranar suna. Ta fi mu sanin cewa baƙinmu mata a ƙasa suka fi sakewa, a nan ake baje tire a ci abinci. Daidai ruwa daidai tsaki. Kuɗin da ya ragu a sa shi a kafet mai kyau, da labule, da tum-tum biyu ko uku, don 'yan ganin ɗaki su ga ba ƙwauro aka yi ba.

TAMBAYA: Anti, ina haya a saman bene, falona matsattse ne. Kujera mai kusurwa, wadda ake cewa L, za ta yi mini? Daga wani magidanci, Zariya.

AMSA: Za ta yi, Malam, in kana da kusurwa ɗaya da babu ƙofa a kusa da ita, don tana amfani da lungun da kan tafi a banza. Sai dai ka auna faɗin ƙofarka da kwanar matattakala tukuna, a yi ta gida biyu da za a haɗa a sama, ƙafafun kuma masu kwancewa. Tunda haya kake, na fi son ka yi mai zaman mutum uku da wani mazauni daban mara majingina, tsayinsu ɗaya. Ka tura shi dama ko hagu ya ba ka L ɗin, in ka tashi zuwa gidan da ƙofarsa ke wani ɓangaren, sai ka juya shi kawai.