Muryar Kawu a zauren iyali: ina kabarin Kaka?

Salama gare ku, mutanen gida. To ɗiyata, na saurari muryarki tun da safe, ina gona ne shi ya sa ban amsa ba. Kin ce kin je makabartar cocin ƙauyenmu neman kabarin kakan babanku, kin zaga kin zaga ba ki ga sunansa ba, ko? Ai ba za ki gani ba. A zamaninsu tulin ƙasa ne da duwatsu, in an yi ƙoƙari a kafa gicciyen itace, shi ma gara ta cinye. Siminti da rubutu sai daga baya. Wasu ma a cikin gida aka binne su.

Littafin baftisma za ki nema. Amma ki ji ni da kyau, ba lalle ki same shi a ƙauye ba. A lokacin mai bishara kaɗai gare mu, baftisma sai fasto ya zo daga babbar tashar mishan, ya yi, ya koma da littafinsa. Saboda haka ki gai da fastonmu tukuna, ki tambaye shi wace gunduma muke ƙarƙashinta a da, can za ki dosa.

Kin san Likita Bronnum, ɗan mishan mutumin Danmak, a 1913 ya sauka Numan, fastocinmu baƙar fata na farko kuwa sai 1948 aka naɗa su. To baftismar da aka yi kafin nan, hannun Turawa ce, kuma yadda kunnensu ya ji suke rubuta suna. Ni da idona na ga wani suna na ƙabilar Bacama an rubuta shi, sai da na faɗe shi da ƙarfi sau uku kafin na gane na gidanmu ne. Ki riƙa karantawa da baki, kada ki tsaya kan haruffa.

Sannan Kaka da gemunsa ya shiga ajin baftisma. Sunan da kuka san shi da shi, ranar nan ya karɓe shi. Filibus nawa ne a littafin? Bitrus nawa? Sai kin haɗa da sunansa na gargajiya da na mahaifinsa. Kuma don Allah kada ki ɗauki shekarar baftisma ki maƙala a matsayin shekarar haihuwa, kamar yadda wani a zauren nan ya yi mana a kalandar jana'iza. Ba zan kama suna ba, ya san kansa.

Ki duba littafin aure ma, shi ke nuna garin da aka auro Kaka mace. In kin tarar shafuka sun manne, kada ki ɓalle da ƙarfi. A wata coci na ga haka bayan ambaliyar 2012, da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Hoto kawai ki ɗauka da waya, ki turo mana nan.

Au, na kusa mantawa. Tsofaffin zumuntar mata. Ki riƙe musu sabulu da sukari, ki zauna, kada ki yi sauri. Su suka yi waƙa ranar da aka kai shi, cikinsu wata za ta kama hannunki ta kai ki wurin. Ki je kafin ciyawa ta rufe hanya. A gaida yara.