Tambaya da Amsa: An turo mini hoton ɓatanci a waya, in tura gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da yadi a Kantin Kwari. A zauren WhatsApp na unguwarmu wani ya turo hoton wani rubutu, wai wani yaro ne ya sa shi a Facebook yana yi wa Manzon Allah (SAW) izgili. An haɗa da sunansa da layin gidansu, ana cewa kowa ya tura gaba. Raina ya ɓaci har barci ya gagare ni. Abokina kuma ya ce ai 'yancin faɗar albarkacin baki ne. In tura?
Daga wani ɗan kasuwa, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ɓacin ranka na son Annabi ne, ni ma ba na iya jure karanta irin wannan. Amma don Allah kada ka tura.

Wa ya tabbatar maka yaron ne ya rubuta? Buɗe shafi da sunan wani, a ɗora hotonsa, a rubuta abin da aka ga dama, aikin 'yan mintoci ne. Wanda aka yi rigimar bashi ko ta neman aure da shi zai iya yi. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ce a bincika labari, don kada a cuci mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Idan ma gaskiya ne, kai da hannunka ka kai zagin wayoyin da bai isa ba.

Layin gidan nan da aka rubuta shi ya fi tayar mini da hankali. Mu a Kano mun san inda wannan hanya take ɓullewa. A watan Yunin 2016, a kasuwar Ƙofar Wambai, aka kashe dattijuwa Bridget Agbahime kan zargin ɓatanci, ba alƙalin da ya ji ta bakinta. A 2023 a Sakkwato aka kashe Usman Buda, mahauci, Musulmi. A gidan yaron nan akwai uwa, akwai ƙanne, su me suka yi?

Abokinka kuwa ya faɗi rabi ya bar rabi. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin magana, sashe na 45 kuma ya halatta a yi dokar da za ta taƙaita shi saboda zaman lafiya da haƙƙin wasu. Dokar Shari'ar Kano ta 2000 ta tanadi hukuncin ɓatanci. Amma hukunci na alƙali ne, da shaidu, da damar kare kai. Haka malamanmu na Malikiyya suka karantar. Dubi shari'ar Yahaya Sharif-Aminu, mawaƙin da aka zarga da ɓatanci a Kano: kotun Shari'a ta yanke masa hukuncin kisa a watan Agustan 2020, Babbar Kotun Kano ta soke shi a Janairun 2021 ta ce a sake, domin ba shi da lauya. Hukuncin alƙali ma an ce a koma a sake zama a kansa, balle taron da ya fito da gora da fetur.

Yau ɗin nan ka kira mai kula da zauren ya goge saƙon. Ka ajiye hoton a wayarka, ka je wurin mai unguwa da liman, ku kai maganar ofishin 'yan sanda ko Hisba. Idan ka ga matasa sun fara taruwa a bakin layin, ka sanar da 'yan sanda nan take, kada ka bari sai gari ya waye.